Majalisar Kan Dutse

Alhamis, 30 ga Oktoba 2014, da hantsi

A littafin shirya darasi nake wannan rubutu, shi kaɗai na tarar a jakata sai jan biro. Jiya da safe na fito zan koya wa 'yan aji biyar yadda Majalisar Tarayya take yin doka, sai masu bindiga suka shigo garinmu, Mubi. Yau ina kan dutse a bayan Gella, takalmina ƙafa ɗaya ya tsinke.

Abin da na gani a hanya ba zan rubuta shi ba.

Tizhe, mijina, ya rako ni har bakin gari ya ce in bi mutane, shi zai koma ya ɗauko Mama. Mahaifiyarsa ce, ba ta iya tafiya. Watan jiya muka ɗauko ta daga Michika, muna ta murna wai mun kawo ta inda babu abin da zai same ta. Ya ce, "Lidiya, ki je, zan same ki a Gella kafin la'asar." Na tsaya a bakin titin Gella har rana ta faɗi, duk wanda ya wuce sai na leƙa fuskarsa. Daga baya wani dattijo, Baba Kalibu, ya ce duk mai son ransa ya biyo shi kan dutse, inda kakanninsa suka zauna kafin mutane su sauko. Na biyo shi. Ban san ko daidai na yi ba.

Tizhe bai zo ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Muna da yawa a nan, galibi mata da yara. Kashi uku muke. Akwai mu 'yan Lokuwa, unguwarmu. Akwai mutanen Wuro Gude da suka biyo Malam Gabdo, tsohon da yake ɗebo yashi daga mayo, wato rafi, da jakinsa. Sai dangin Baba Kalibu na Gella, waɗanda dawarsu ta gefen dutse muke ci. Ruwa ido ɗaya ne, yana tsattsafowa tsakanin duwatsu, kafin ƙwarya ta cika mutum ya gama tuna duk wanda ya taɓa ɓata masa rai.

Babu layin waya. Ina kunnawa in kashe, in kunna in kashe. 'Yarmu Tina tana makaranta a Jos, ba ta san ko iyayenta suna duniya ba.

Ephraim maƙwabcinmu, mai gyaran babur, ya gudo da matarsa Salome da yaransu huɗu da ƙaramar rediyo. Ɗazu muka ji an ce Majalisar Wakilai ta tafi hutu tun ranar Talata, sai watan Disamba. Ya dube ni ya ce, "Malama, mutanenka ne fa."

Nawa ne kam. Shekara da shekaru ina zana su a allo, mutum ɗari uku da sittin, ina dukan tebur in yaro ya ce ɗari uku da hamsin. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Tizhe bai zo ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

An yi faɗa a bakin ruwa. Wata 'yar unguwarmu ta ture ƙwaryar wata 'yar Wuro Gude, ƙwarya ta fashe, sai wata daga baya ta ce, "Ai irinku ne suka koro mu." Na ga maza sun fara miƙewa. Malam Gabdo ya shiga tsakani da sandarsa. Mai ƙwaryar ta zauna tana kuka, ita ma ba ta san inda mijinta yake ba.

Baba Kalibu ya kira ni gefe. "'Yata, an ce kai ne malamin gwamnati. Manya a Abuja, yaya suke yin doka ba a fasa kai?"

Na ce, "Baba, su ma suna fasawa wani lokaci."

"To koya mana wanda ba a fasawa."

Sai na hau falalen dutse na koyar da darasin ranar Laraba. Na ce majalisa biyu ce. A ta Dattawa kowace jiha, babba ko ƙarama, mutum uku take aikawa, Abuja ɗaya, ɗari da tara ke nan. An yi haka don kada masu yawa su danne marasa yawa. A ta Wakilai kuwa yawan jama'a ake bi. Babu abin da zai zama doka sai ya bi ta duka biyun, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda kafin a tsallake shi. Ban taɓa samun aji mai saurare irin wannan ba, ko mai tauna cingam babu.

Nan take aka tsara. Lokuwa dattijai uku, Wuro Gude uku, Gella uku. Wakilai kuma kowane murhu mutum ɗaya, murhun da bakuna suka yi yawa biyu, shi ya sa kusan duk mata ne. Baba Kalibu shugaban ƙasa, tunda dutsen kakanninsa ne. Ni aka ba Kakakin Wakilai. Na gaya musu Kakaki ba ya shiga muhawara, ba ya jefa ƙuri'a, sai in an yi kunnen doki shi ne zai raba gardama. Salome ta ce, "Ya yi kyau, bakinka zai huta."

Gaskiya don kaina na yi. In ina tsara majalisa ba na kallon hanya.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da azahar

Mun yi sujada a gindin itace, su Malam Gabdo suna tsaron hanya. Da suka tashi salla mazanmu suka karɓe su.

Na ce musu majalisa ba ta zama sai sandarta tana ajiye gaban Kakaki. In babu sanda, duk abin da aka yanke hira ce kawai. Dattawa suka ɗauki sandar Malam Gabdo. Mu ba mu da komai sai muciyar Salome, wadda ta gudo da ita daga Mubi ta bar takardun yaranta a kan gado. Aka ɗora ta kan duwatsu biyu da busasshen tuwo a jikinta, mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ni ma na yi. Sai kunya ta kama ni, na koma bayan dutse na yi kuka.

Na kuma dage cewa karatu uku za a yi wa kowane ƙuduri, a rana uku dabam-dabam. Na farko a faɗi sunansa kawai. Na biyu a yi muhawara, a miƙa wa kwamiti ya gyara. Na uku a zartar ko a watsar. Na ce musu wannan jinkiri shi ke hana mutum yin doka da zafin zuciya. Na ji daɗin maganar da na faɗe ta, har na maimaita.

Litinin, 3 ga Nuwamba, da safe

Wasu mutane sun wuce ta nan za su Kamaru, daga wani dutse da ke arewa da mu. Sun ce samarinsu biyu sun sauka neman garin tuwo suka dawo, aka biyo sawunsu. Sauran labarin ba su faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na lura akwai mata a cikinsu masu zanin goyo babu goyo.

Salome ta kawo ƙuduri tun kafin su ɓace mana. Ta ce, "Wanda ya sauka ya sauka ke nan. Kada ya dawo ya jawo mana su." Ni na gyara mata maganar ta yi kama da doka. An yi karatu na farko a majalisun biyu.

Na duba shi ta kowane gefe. Tizhe bai hau ba balle ya sauka. In ya zo, babu abin da ya hana shi.

Talata, 4 ga Nuwamba, da magariba

Karatu na biyu. Tizhe bai zo ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da la'asar

Dokar sauka ta wuce, tare da ta ruwa da ta hura wuta. Dattawa sun ƙara wani abu a tasu: wai a bar ƙofa, mutum ya sauka ya dawo in shugaba ya ba shi izini. Wakilai suka ƙi. Na bayyana musu cewa in majalisu biyu suka saɓa, kowacce sai ta ba da mutane su zauna tare su daidaita, a fito da magana ɗaya. Suka zauna, suka kira ni shawara. Na ce in aka bar ƙofa, kowa zai ce dalilinsa ne ya fi na kowa. Aka rufe ƙofar.

Babu takarda, sai Baba Kalibu ya shimfiɗa tafinsa a kan falalen dutse ya ce, "Na sa hannu."

Yau ba a yi faɗa a bakin ruwa ba. Mai ƙwaryar nan da wadda ta fasa mata sun yi layi ɗaya. Ni Lidiya, mai tsinkakken takalmi, na kafa gwamnatin da ta fi ta Abuja aiki. Zan ba Tizhe labari ya yi min dariya, ya ce ko a lahira sai na nemi allo.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Yana da rai.

Alhamis, da la'asar

Bari in rubuta daidai.

Ishiyaku tela, na bakin kasuwarmu, ya biyo ta nan shi kaɗai zai wuce Kamaru. Yana shan ruwa ya gan ni ya ajiye ƙwarya. Ya ce, "Maman Tina, mijinka yana bukkan gona a bakin mayo, ƙasa da hanyan Gella, cikin dawa. Ƙafa ne. Ba ya taka shi, kuma ya kumbura. Na bar masa ruwa a jarka da takanɗa. Na so in goya shi, amma ka ga jikina." Ishiyaku ko buhun gyaɗa ba zai ɗaga ba.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce in na gan ka, in ce kada ka zo."

Bai ambaci Mama ba. Ban tambaya ba.

Tafiyar rabin wuni ce. Ephraim ya miƙe ya ce zai je. Malam Gabdo ya ce shi da jakinsa suna ciki. Ni kuwa har na fara ɗaura ɗankwali. Sai Salome ta ce daga inda take zaune, "Doka fa?"

Kowa ya juyo yana kallona.

In suka sauka ba su da dawowa. Ephraim yaransa suna nan, Malam Gabdo tsohuwar matarsa tana nan. Ni kaɗai kuma ba zan iya ɗaga Tizhe ba, mutum ne dogo mai nauyi. Sai an yi wa dokar gyara, gyara kuma ƙuduri ne, ƙuduri karatu uku ne a rana uku.

Na ce akwai hanyar gaggawa, a majalisar gaske ana iya jingine ƙa'ida a yi karatun duka a zama ɗaya. Gaskiya ne, akwai. Salome ta ce, "Ranar Lahadi ba ka koya mana wannan ba. Sai yau da ya zama mijinka."



Juma'a, 7 ga Nuwamba, da safe

Karatu na farko. Malam Gabdo ya kai a Dattawa, Ephraim ya kawo a Wakilai. Da bakina na faɗi sunan ƙudurin: gyara ga dokar sauka, don a ɗauko Tizhe a dawo da shi. Sannan na ce, "An ɗage zama sai gobe." Ni na ce haka, da muciya a gabana, rana tana tsaka da fitowa, hanya tana kallona.

Jarka ɗaya. Ban tambayi Ishiyaku ko babba ce ko ƙarama ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, bayan azahar

Karatu na biyu, ranar muhawara, ranar da Kakaki ba ya magana. Na zauna na danne hannuwana da cinyoyina.

Ephraim ya ce za su bi cikin mayo inda yashi ya jiƙe, su dawo ta kan duwatsu, ba za a ga sawu ba. Mai ƙwaryar nan ta Wuro Gude ta miƙe ta ce, "In nawa ne a bukkan, zan so a je." Ta zauna. Na so in rungume ta, na tsaya ina kallon muciya.

Salome ta miƙe da ƙaramin a bayanta. Ta ce, "Ni ba na ƙin Baban Tina. Shi ya kai ni asibiti da zan haifi wannan. Amma jaki yana barin sawu, yana kuka kuma, ba ya sanin lokacin shiru. Kun ga matan da suka wuce ran Litinin. Malama, kana so in ba da mijina da yara huɗu a karɓo naka ɗaya?"

Ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da ta yi ƙarya da na samu wanda zan tsana.

Na ce masu cewa e su ce e. Suka ce. Na ce masu cewa a'a su ce a'a. Suka ce. Allah ya sani kunnena bai raba su ba, ƙila ma a'a ta fi ƙarfi. Na buga muciya a dutse na ce masu e sun yi rinjaye. Salome ta dube ni kallon da nake yi wa yaron da ya leƙa takardar wani.

Kwamiti ya zauna ya tsara: mutum biyu, jaki ɗaya, tafiya da sassafe, a ɗaure wa jaki baki da tsumma. Gobe karatu na uku. Ya Yesu, ka riƙe min shi zuwa jibi.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Dattawa sun zartar. Mu ba mu zauna ba, muciya ta ɓace.

Na tambayi Salome, ta ce, "Ban gan shi ba." Tana faɗa tana tuƙa tuwo da reshen itace, tuwon duk gudaji. Na birkice kayanta a gaban mutane, na zazzage zannuwan yaranta a ƙasa, na leƙa kowane rami har maciji ya kusa sara na. Ba ta hana ni ba. Da na gaji ta ce, "Kai ka ce in babu sanda hira ne kawai."

Ni na ce. Har labari na ba su yadda a wasu majalisu ake gudu da sanda in ana so a hana zama, suka yi dariya, na ji daɗi an gane darasi. Ban taɓa koyar da wanda ya riƙe karatu kamar Salome ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da safe

Muciya ba ta fito ba. Kumburin ƙafa yana kawo zazzaɓi, mai zazzaɓi kuma yana shan ruwa da yawa.

Litinin, da yamma

Na je wurin Baba Kalibu na durƙusa. Na ce sanda ai itace ce, bari in karyo wani reshe mu zauna. Ya ce, "'Yata, in ƙudurin ya iso wurina zan sa hannu, ko numfashi ba zan ja ba. Amma in ka ɗauko wani itace, rabin matan ba za su zauna ba. Gobe kowa ya sauka yadda ya ga dama, faɗan ruwa ya dawo. Abin da ka gina ne yake riƙe da mu."

Na ce, "Baba, mijina yana ruɓewa a bukka."

Ya ce, "Na sani."

Da la'asar mun ji ƙarar babura a ƙasa, wajen hanyar Gella. Da yawa. Iyaye suka toshe wa yara baki har ƙarar ta wuce. Ɗan Salome na biyu ya yi fitsari a tsaye, bai yi kuka ba, ya riga ya koyi shiru.

Me ya hana ni sauka ni kaɗai tun ranar Alhamis? Na ce don ba zan iya ɗaga shi ba. Haka ne. Kuma tsoro nake ji, tsoro har cikin ƙashina. Na rubuta, ga shi nan.

Talata, 11 ga Nuwamba, da azahar

Da safe Salome ta zo ta ajiye muciya a kan duwatsun nan biyu. Idonta ya kumbura. Ta ce, "Ban yi barci ba kwana biyu. Ga shi. Amma yau ba kunnenka ba. A tsaya a ƙirga."

Haƙƙinta ne. Kowane wakili yana iya neman a raba majalisa in bai yarda da kunnen Kakaki ba. Wannan ban koya musu ba, ita ta gano da kanta.

Na yi karatu na uku. Na ce masu e su tsaya dama, masu a'a su tsaya hagu. Malam Gabdo ya zo daga Dattawa ya ƙirga, Baba Kalibu ya sake ƙirgawa. Wasu da suka ce e ranar Asabar sun koma hagu, sun ji baburan jiya. Wata tsohuwa kuma ta bar hagu ta dawo dama tana share hawaye.

Kunnen doki.

Saura ƙuri'ar Kakaki. Duk sun san darasin, ba sai an tuna musu ba.

Na dubi dama. Ephraim yana tsaye a gaba, kansa a ƙasa, ya ƙi kallon matarsa. Mai ƙwarya tana gyaɗa min kai, wai in faɗa mana. Na dubi hagu. Ba wakilai kaɗai ne a wurin ba, yaransu sun biyo su sun riƙe musu zane, wasu a baya, wasu a hannu. Na san fuskar kowannensu yanzu. Na san wanda yake tari da wanda ba ya cin gyaɗa. Na tuna matan ranar Litinin da zanin goyonsu.

Na ɗaga muciya. Tana da nauyi, ban taɓa lura ba.

Na faɗi abin da na faɗa.

Talata, da magariba

A'a na ce.

Ƙudurin ya mutu, doka tana nan yadda take. Ephraim ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Salome ba ta yi murna ba, ta ɗauki muciyarta ta tafi ba ta dubi kowa ba.

Tizhe, ka ce kada in zo. Rabin maganarka na ji, ban aiko mijin wata ba.

Na gaya wa Baba Kalibu su zaɓi wani Kakaki. Dokar ba ta hana kowa sauka ba, dawowa ta hana. Ni na gyara mata lafazi, na san abin da ta ce.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da sassafe

Malam Gabdo ya kwance jakinsa ya miƙo min igiya. Na ce ba zai dawo ba fa. Ya ce, "Useko, don Allah, Malama, karɓi. Ya san mayo ya fi ni. Ka sa shi ya tsaya a gindin gangare, mijinka ya ja jiki ya hau ta sama, ba sai ka ɗaga ba. Daga nan ku bi ruwa kudu wajen Maiha, kada ku taɓa titi." Ya nuna min yadda ake ɗaure masa baki. Matarsa ta ba ni takalmanta na roba, sun yi min yawa.

Baba Kalibu ya ɗora hannu a kaina kamar yadda ya ɗora a dutse. Na ba Ephraim lambar Tina, in layi ya dawo ya ce mata iyayenta suna tare.

Ban san abin da zan tarar a bukkar ba. Ba zan rubuta abin da nake tunani ba. Tsoron yana nan inda yake, sai dai yau ƙafafuna sun yarda.

Salome ce ta ƙarshe. Ta zo da ƙunshin ganye, tuwo malmala biyu, da muciyar ta tuƙa shi, babu gudaji ko ɗaya. Ban san lokacin da ta tashi ba. Ta tura min a hannu tana kallon gefe. Ta ce, "Babban na Baban Tina ne. Kada ka ci masa a hanya." Ta juya kafin in buɗe baki.

Na sa ƙunshin cikin rigata, yana ƙona min ciki. Ina so ya ci shi da ɗuminsa. Na san tafiyar rabin wuni ce, amma zan yi sauri.